Ƙimar kadarorin hukuma cikin lissafin shekara: tarihin hanyar Faransa da abin da Nijar ta gada

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin tarihin yadda gwamnatin Faransa ta riƙa sanya wa filaye da gine-ginenta kuɗi, tun daga dokar Moulins ta 1566 har zuwa ma'aunin dukiya na farko da ta fitar a kan shekarar 2006. Tana nuna cewa hanyar ƙimantawa tana bin niyyar da hukuma ke da ita game da kadarar, sa'an nan tana duba matsalolin da wannan tsari ke cin karo da su a Nijar, wadda ta gaji dokokin kuɗi na Faransa.

0. Gabatarwa

A watan Mayu na shekarar 2007, Kotun Lissafi ta ƙasar Faransa ta yi wani aiki da ba ta taɓa yi ba cikin shekara 200 da kafa ta. Ta duba ma'aunin dukiyar gwamnati, wato jadawalin da ke jera abin da gwamnati ta mallaka a gefe guda da bashin da ake bin ta a ɗaya gefen, ta kuma faɗi ko lambobin da ke ciki abin dogaro ne. Ta amince da lissafin shekarar 2006, amma da togaciya 13, kuma gine-ginen gwamnati da hanyoyin mota suna cikin abubuwan da ta yi togaciya a kansu.

Wannan yana ta da tambaya. Ƙasar da ta auna gonakin talakawanta fili-fili tun zamanin Napoliyon domin karɓar lanho (haraji), me ya sa sai a ƙarni na 21 ta iya faɗin kuɗin nata gidajen? Ra'ayin da za mu kare a nan shi ne, lambar da hukuma ke rubutawa a gaban wani gini amsa ce ga tambayar « me za a yi da shi? ». Wanda ke shirin sayarwa, da wanda ke shirin ci gaba da aiki da abu, da wanda ya ɗauki alkawarin ajiye shi har abada, ba za su rubuta lamba ɗaya ba. Za mu bi wannan ra'ayi cikin zamunna huɗu na tarihin Faransa, sa'an nan mu duba abin da lambobin suka haifar, daga ƙarshe mu dawo gida Nijar.

Kafin nan ya kamata mu daidaita kalmomin aiki. Da « kadara » muna nufin dukiyar da ba ta motsi: fili, gini, hanya, gada. Da « ma'aunin dukiya » muna nufin abin da ake kira « bilan » da Faransanci. « Ƙidaya » ita ce jera kadarori ɗaya bayan ɗaya cikin kundi, da wurinsu da girmansu da mai aiki da su. « Ƙimantawa » kuwa ita ce sanya wa kowace kadara adadin kuɗi. Kamar yadda za mu gani, waɗannan ayyuka biyu ba kullum suke tafiya tare ba.

1. Dukiyar da ba a sayarwa (1566-1789)

A zamanin mulkin sarakuna, filaye da dazuzzuka da fadoji na masarautar Faransa ana kiran su « domaine », kalmar da za mu iya kusantawa da gandun sarauta: abin na kujera ne, mai sarauta riƙo kawai yake yi. Sai dai sarakuna masu matsalar kuɗi sun sha ɓallar wani yanki su sayar ko su yi kyauta da shi. Domin toshe wannan kafa, a watan Fabrairu na 1566, a garin Moulins, Sarki Charles na 9 ya kafa doka bisa shawarar wazirinsa na shari'a Michel de L'Hospital, wadda ta hana rabuwa da gandun sarauta. Hanya biyu kaɗai ta bari. Ta farko ita ce rabon da ake yanka wa ƴaƴan sarki maza waɗanda ba su gaji kujera ba, wanda ke komawa ga masarauta idan zuriyarsu ta maza ta ƙare. Ta biyu ita ce jinginarwa lokacin yaƙi, da sharaɗin sarki yana iya fansar abin a ko wane lokaci.

Sakamakon wannan doka a kan lissafi a fili yake. Abin da ba ya zuwa kasuwa ba mai tambayar farashinsa. Ma'aikatan sarki sun fi damuwa da abin da gandu ke kawowa kowace shekara, kamar kuɗin haya da kuɗin itacen daji da kuɗin fito. Ko rahoton da minista Jacques Necker ya buga a 1781, wanda da shi ne aka fara bayyana wa jama'a halin baitulmali, jerin kuɗin shiga da na fita ne. Bai ƙunshi kuɗin fada ko na daji ba, kuma ya nuna rara ne saboda ya ajiye kuɗin yaƙin Amurka a gefe.

2. Ƙimantawa domin sayarwa (1789-1796)

Bashi ne ya karya wannan tsari. Ran 2 ga Nuwamba 1789, majalisar juyin juya hali ta sanya dukiyar coci a hannun ƙasa, bisa shawarar Talleyrand, domin a biya masu bin gwamnati. An ƙiyasta wannan dukiya tsakanin miliyar 2 da miliyar 3 na « livre », kuɗin wancan lokaci. A watan Disamba na shekarar aka fitar da takardun « assignat » na miliyan 400, waɗanda mai riƙe da su ke iya sayen fili da su. A ƙarshen 1790 kuma wata doka ta mai da gandun sarauta dukiyar al'umma, ta ba majalisa ikon sayar da shi.

Tun da an yi niyyar sayarwa, dole a sami hanyar yanka farashi, kuma dokar 14 ga Mayu 1790 ta ba da ita. Gonaki ana ƙimanta su da ninkin abin da suke kawowa a shekara sau 22, bisa takardun haya. Haƙƙoƙin da ake biya da amfanin gona sau 20. Waɗanda ake biya da tsabar kuɗi sau 15. Sauran kadarori kuwa masana su ƙiyasta. Wannan adadi shi ne mafarin gwanjo. Ga alama wannan ita ce babbar ƙimantawa ta farko ta dukiyar hukuma a Faransa, kuma abin lura shi ne an yi ta ne domin a rabu da dukiyar.

Ƙarshen labarin sananne ne. Gwamnati ta yi ta buga takardu fiye da abin da filayen za su iya ɗauka, har adadinsu ya kai wajen miliyar 45 a farkon 1796, darajarsu ta faɗi ƙasa warwas. Masu saye da aka ba damar biya kashi-kashi cikin shekara 12 sun biya da takardar da ta riga ta lalace, suka sami filaye da araha. Ran 19 ga Fabrairu 1796 aka farfasa allunan buga takardun a bainar jama'a a birnin Paris. Darasin da za mu riƙe shi ne, ƙimar da aka rubuta a takarda ba ta tsare dukiya idan kuɗin da aka rubuta ta da shi ba ya zaune wuri guda. Za mu sake gamuwa da wannan matsala a Nijar.

3. Ƙidaya a gefe, lissafi a gefe (1807-2001)

Dokoki biyu na Napoliyon, kwana guda tsakaninsu, sun nuna inda hankalin sabuwar gwamnati ya karkata. Ta 15 ga Satumba 1807 ta ba da umarnin auna filayen ƙasar baki ɗaya, aikin da ya ɗauki shekara arba'in da wani abu. Manufarsa raba lanhon ƙasa ce, shi ya sa hanyoyi da koguna, waɗanda ba su biyan lanho, ba a ba su lambar fili ba. Ta 16 ga Satumba ta kafa Kotun Lissafi, wadda aikinta shi ne binciken masu riƙe da kuɗin hukuma.

Dokokin da suka biyo baya sun bi wannan turba: ta 1822 da ta raba mai ba da umarnin kashe kuɗi da mai riƙe da asusu, babbar dokar 31 ga Mayu 1862 da ta yi aiki shekara ɗari cur har aka maye gurbinta da ta 29 ga Disamba 1962, da dokar 2 ga Janairu 1959 a kan kasafin kuɗi. Tambayar da dukansu ke amsawa ita ce: shin an kashe kuɗin yadda majalisa ta yarda, kuma ba wanda ya sa hannu a asusu? Tambaya ce mai muhimmanci, amma lissafin shiga da fita da ke amsa ta yana da makanta uku game da kadarori. Na ɗaya, gini yana bayyana sau ɗaya, a shekarar da aka biya kuɗinsa, sa'an nan ya ɓace daga littafi ko da zai yi aiki shekara ɗari. Na biyu, kuɗin sayar da gini yana shigowa tamkar lanho, alhali kuwa dukiya ce ta canja kama, ba ƙaruwa aka yi ba. Na uku, ma'aikatar da ta ƙi gyara rufinta tana bayyana a matsayin mai tattali, har ranar da rufin ya rufta.

A wannan ƙarni ne kuma masana shari'a, musamman Victor Proudhon na jami'ar Dijon cikin littafinsa na 1833, suka raba dukiyar hukuma gida biyu: wadda aka keɓe domin amfanin kowa, kamar hanya da kogi da gaɓar teku, wadda ba a sayarwa, da wadda hukuma ke riƙe da ita kamar kowane mai dukiya, wadda ana iya sayarwa. Ta haka ruhin dokar Moulins ya dawo da sabuwar riga.

Ba za a ce ba a yi ƙidaya ba. Dokar 31 ga Janairu 1833 ta tilasta wa gwamnati ta miƙa wa majalisa kundin kadarorin da ma'aikatu ke aiki da su, da amfanin kowace da ƙiyasin kuɗinta. An buga kundin a 1836, wata doka ta 1873 ta sa aka sake shi, kuma ma'aikatar kula da dukiyar gwamnati ta ci gaba da riƙe shi har farkon ƙarni na 21. Amma kundin yana gefe, lissafin shekara yana gefe. Ba wanda aikinsa ko kasafinsa ya dogara da ingancin lambobin, saboda haka ba wanda ya damu ya sabunta su.

Ƙananan hukumomi sun riga gwamnatin tsakiya motsawa. Daga 1 ga Janairu 1997, tsarin lissafi mai suna M14 ya kusantar da littattafan garuruwa da na kamfanoni. Ana rubuta kadara da kuɗin asali, wato abin da aka kashe wajen saye ko ginawa, kuma garuruwa masu mutum 3.500 ko fiye dole su riƙa cire ragin tsufa kowace shekara. Sai dai wannan tilas ya fi shafar motoci da kayan aiki da gidajen da ke kawo haya. Bai hau kan yawancin gine-ginen hukuma da hanyoyi ba.

4. Dokar 2001 da hanyoyin ƙimantawa

Dalilai uku suka haɗu a ƙarshen ƙarni na 20. Na farko bashi ne kuma: daga wajen kashi 20 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara a 1980, ya kai wajen kashi 60 a ƙarshen shekarun 1990, daidai iyakar da yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta gindaya. Na biyu misalin waɗansu ƙasashe: Niyu Zilan ta kafa dokar sabon lissafi a 1989 ta kuma fitar da ma'aunin dukiyar gwamnati a 1992, Birtaniya ta buga kundin kadarorinta a 1997. Na uku rigimar 1999-2000, lokacin da ƴan majalisa suka zargi gwamnati da ɓoye musu rarar lanhon da ya shigo. Daga nan ɗan majalisar dokoki Didier Migaud da ɗan majalisar dattawa Alain Lambert, masu ra'ayin siyasa daban-daban, suka jagoranci babbar dokar 1 ga Agusta 2001, wadda aka fi sani da LOLF. Dokar ta ce lissafin gwamnati dole ya nuna ainihin hoton dukiyarta, kuma ƙa'idodinsa kada su bambanta da na kamfanoni sai inda aikin gwamnati ya bambanta. Ta soma aiki sosai ran 1 ga Janairu 2006.

A nan matsala ta taso. Kamfani yana rubuta gininsa da kuɗin asali domin yana da takardar saye. Gwamnatin da ke zaune cikin barikin soja na ƙarni na 18, ko gidan da aka ƙwace a 1789, ba ta da wannan takarda, kuma ko tana da ita, lambar da ke ciki ba ta da ma'ana a yau. Kundin ƙa'idodin da aka amince da shi a 2004 ya warware matsalar ta hanyar raba kadarori bisa amfaninsu.

Kashi na farko shi ne ofisoshi da gidajen kwana, waɗanda kowa zai iya saye ya yi amfani da su. Su an rubuta su da farashin kasuwa, wanda ma'aikatan dukiyar gwamnati ke ƙiyastawa ta hanyar kwatanta su da gidaje makamantansu da aka sayar a unguwar, ana kuma sabunta shi. Tambayar a nan ita ce: idan muka sayar, nawa za mu samu?

Kashi na biyu shi ne hanyoyin mota da gidajen kaso, waɗanda ba su da kasuwa amma ba a iya zama babu su. Su an rubuta su da kuɗin sake gina irinsu sabo, bayan an cire kuɗin da gyaran lalacewarsu zai ci. Tambayar ita ce: idan muka rasa shi, nawa za mu kashe mu mayar? Amfanin wannan hanya shi ne, rashin gyara yana rage lambar, saboda haka makanta ta uku da muka ambata tana samun magani.

Kashi na uku shi ne gine-ginen tarihi da makamantansu, waɗanda ba a sayarwa kuma ba a maye gurbinsu. Su an rubuta su da Yuro guda na alama, wato tamma 656 na sefa, ko dala 131 a lissafin kasuwa. Wannan Yuro ba farashi ba ne. Shaida ce cewa abin yana cikin kundi kuma akwai mai alhakinsa. Tun a shekarun 1980 masanin lissafi na Amurka Robert Mautz ya yi gardamar cewa hasumiyar tunawa da Washington ta fi kama da bashi a kan dukiya, tun da kuɗi take ci kullum ba ta kawo kome.

Akwai ƙa'ida ɗaya kuma da ta shafi masu karatunmu kai tsaye. Kadara tana shiga littafin wanda ke iko da amfaninta, ko da ba shi ne mai takardar mallaka ba. Bisa wannan, ginin jami'a mallakar gwamnati yana shiga ma'aunin jami'ar da ke aiki da shi.

5. Abin da lambobin suka nuna

Ma'aunin ƙarshen 2006 ya nuna dukiya ta Yuro miliyar 538 da bashi na miliyar 1.131, wato giɓi na miliyar 593. Wannan ba ya nufin ƙasar ta karye, domin babbar dukiyar kowace gwamnati, wato ikon karɓar lanho, ba a rubuta ta cikin ma'auni. Hanyoyin mota sun ɗauki fiye da miliyar 100. Gine-gine kuwa, da aka ƙiyasta wajen miliyar 33 a 2004, sun kai wajen miliyar 44 a ƙarshen 2006. Gwamnati ba ta yi sababbin gine-gine na miliyar 11 cikin wannan ɗan lokaci ba. Farashin gidaje ne ya hau, aka kuma gano kadarorin da tsohon kundi ya manta ko ya auna ba daidai ba. Wannan shi ne raunin farashin kasuwa: dukiyar hukuma tana kumbura tana motsewa bisa yanayin kasuwa, alhali ofishin da ma'aikata ke zaune ciki bai canja ba.

Labarin gidan ɗab'i na ƙasa da ke titin Convention a Paris ya nuna abin da ke cikin hatsari. A 2003 aka ƙulla sayar da shi ga kamfanin Carlyle na Amurka a kan Yuro miliyan 85. A 2007 gwamnati ta sake sayensa domin ma'aikatar harkokin waje a kan fiye da miliyan 300. Gaskiya ne kamfanin ya yi gyara mai tsada, kuma kasuwa ta hau a tsakani. Duk da haka, hannun hukuma guda ya sayar da abin da ɗaya hannun zai nema bayan shekara huɗu. Sanin farashin gini a ranar sayarwa bai wadatar ba idan ba a san buƙatar gobe ba.

An kuma gwada sa lambobin su yi aiki. Daga 2006 aka soma cajin ma'aikatu kuɗin haya na cikin gida bisa ƙimar ofisoshinsu, domin ministan da ke zaune a gida mai tsada ya ji nauyinsa cikin kasafinsa. An soke wannan tsari ga ma'aikatun farar hula a 2019, bayan an ga kuɗin yana zagayawa ne daga aljihun gwamnati zuwa aljihun gwamnati ba tare da ya canja hali sosai ba.

Gobarar cocin Notre-Dame ta 15 ga Afrilu 2019 ta nuna iyakar kashi na uku. Cocin mallakar gwamnati ne, yana cikin irin gine-ginen da ƙa'ida ta ware wa kuɗin alama, kuma gwamnati ita ce inshorar kanta. An tara gudummawa fiye da Yuro miliyan 800, aka sake buɗe shi a Disamba 2024. Tazarar da ke tsakanin Yuro guda da wannan adadi ita ce nauyin da ma'auni ba ya nunawa. Muhawarar ba ta ƙare ba: a 2023 hukumar ƙa'idodin lissafin gwamnatoci ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba IPSAS 45, wadda ta shigo da ma'aunin ƙimar aiki ga kadarorin da ake riƙe da su domin yi wa jama'a hidima, ta kuma ce kayan tarihi su shiga lissafi idan ana iya auna su, idan ba a iyawa a yi bayaninsu a rubuce.

6. Gadon Nijar

Nijar ta gaji wannan tarihi ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce dokokin mulkin mallaka: ta 30 ga Disamba 1912 a kan tsarin kuɗi, ta 29 ga Satumba 1928 a kan dukiyar amfanin kowa a Afirka ta Yamma, da ta 26 ga Yuli 1932 a kan takardar mallakar fili da aka fi sani da « titre foncier ». Da su lissafin shiga da fita ya shigo, tare da makantarsa uku, kuma ya zarce bayan samun ƴanci a 1960. Ta biyu ita ce umarce-umarcen ƙungiyar UEMOA na Yuni 2009, waɗanda suka ɗauko ruhin LOLF suka ce ƙasashe su riƙe lissafin dukiya su kuma fitar da ma'auni. Nijar ta shigar da su cikin babbar dokarta ta 26 ga Maris 2012, ta kuma soma kasafin kuɗi bisa shirye-shirye a 2018. Tambayar da Faransa ta fuskanta a 2004 ta iso gare mu ke nan, amma da wahalhalu na musamman.

Kuɗin asali ya fi rauni a nan. Hanyoyi da gine-gine da yawa na zamanin Turawa an yi su da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946. Kuɗin da aka rubuta, in an rubuta, bai ƙunshi gumin mutanen da ba a biya ba. Azuzuwan da Samariya ta gina da aikin gayya a zamanin Seyni Kountché ba su da takardar biya. Gadar Kennedy ta 1970 da kuɗin Amurka aka yi ta, gada ta biyu ta Yamai ta 2011 da kuɗin Sin, kuma irin wannan kuɗi ba kullum yake bi ta baitulmali ba. Bugu da ƙari, ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa: faran guda na Faransa da ke daidai da tamma 50 ya koma tamma 100. Tara kuɗin asibitin da aka gina a 1990 da na wanda aka gina a 1996 cikin jimla guda tamkar tara mudu biyu ne masu girma daban.

Farashin kasuwa ma yana buƙatar sayayya da aka rubuta da gaskiya, domin a sami abin kwatantawa. Ana iya samun wannan a waɗansu unguwannin Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Da wuya a same shi ga makarantar ƙauye. Kuma mun ga irin abin da ya faru a 1790 a gidanmu: a farkon shekarun 2000, gwamnati ta biya ma'aikata wani kashi na bashin albashinsu da filaye. A ranar nan filin hukuma ya sami farashi, domin an yi niyyar rabuwa da shi, kuma matsin bashi ne ya kawo niyyar.

Hanyar kuɗin sake ginawa ita ce ta fi dacewa da manyan kadarorinmu. Da ana rubuta hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970, ta wannan hanya kowace shekara, da lalacewarta ta riƙa bayyana cikin lambobi a gaban majalisa tun kafin direbobi su gaji da kuka. Kayan gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama kuwa, kamar ragowar iccen Tenere da ƙasusuwan dabbobin da, tamma guda ta alama ta ishe su, muddin kowane yana da lamba a kundi da mai alhakinsa. Haka nan ƙananan hukumomi 265 da suka sami zaɓaɓɓun majalisu a 2004: kafin magajin gari ya faɗi kuɗin kasuwa ko tasha ko mayanka, dole a san ko ta garin ce ko ta gwamnatin tsakiya.

7. Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna abu uku. Na ɗaya, gwamnatin Faransa ba ta ƙimanta dukiyarta da gaske ba sai lokacin da bashi ya matsa mata, a 1790 da kuma bayan 2001. Na biyu, babu ƙima guda ta gaskiya: farashin kasuwa, kuɗin sake ginawa, kuɗin asali da kuɗin alama kowane yana amsa tambaya daban, kuma jimlar da ke ƙasan ma'auni tarin amsoshi ne na tambayoyi daban-daban. Mai karanta ta ba tare da sanin hanyar da aka bi ba zai ruɗe. Na uku, kundin da ba a haɗa shi da lissafin shekara ba yana tsufa a kan kanta, kamar yadda na 1836 ya yi.

Ga Nijar, jerin aikin da wannan tarihi ke nunawa shi ne: a ƙidaya tukuna, a tabbatar da takardar kowane fili, a raba kadarori bisa abin da ake nufin yi da su, sa'an nan a sanya kuɗi, a kuma buga hanyar da aka bi tare da lambobin. Wannan fage ne da ɗaliban digiri na uku a tarihi da shari'a da tattalin arziki za su iya shiga da bincike mai iyaka: a ɗauki gari guda, a kwatanta abin da ke cikin kundin hukuma da abin da ke tsaye a ƙasa, a ga nawa suka dace.